The World's End: fim ɗin dariya ne, ko labarin abokin da ya ƙi girma?

Sagir Mai Kaset: Salamu alaikum 'yan gida. Jiya da daddare da aka kawo wuta na zauna na sake kallon The World's End, fim ɗin Birtaniya na 2013 wanda Edgar Wright ya ba da umarni, shi da Simon Pegg suka rubuta labarin. Karo na uku ke nan ina kallonsa. Na farko dariya kawai na sha. Jiya kuwa da ya ƙare sai na samu kaina zaune shiru, jikina duk ya yi sanyi. Ina ganin a cikin fina-finan nan uku da suka yi tare wannan ne ya fi nauyi, kuma shi aka fi zalunta. Wa ya gani a cikinku?

Ummi Fagge: Wa alaikumus salam. Ni dai ban gani ba. Yaya Sagir ka gutsura mana labarin mana, amma don Allah kar ka ɓata mana ƙarshensa.

Sagir Mai Kaset: To Ummi, ga shi a taƙaice. Abokai biyar ne 'yan wani ƙaramin gari da ake kira Newton Haven a Ingila. Ranar da suka gama sakandare a 1990 suka ɗaura aniyar zagaya mashaya goma sha biyu na garin a dare ɗaya, kowace mashaya kofi guda, ta ƙarshen sunanta The World's End, wato Ƙarshen Duniya. Ba su kai ba, ukun ƙarshe suka gagare su. Bayan shekara 23 jagoransu Gary King, wanda Pegg ya fito a matsayinsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya lallaɓo su a koma a ƙarasa. Sauran huɗun kowa ya kama gabansa: Andy lauya ne, Oliver dillalin gidaje, Peter yana sayar da motoci a kamfanin babansa, Steven yana harkar gine-gine. Gary kuwa baƙar doguwar rigar da yake sawa tun yana ɗan makaranta ita ce a jikinsa, motar ita ce, har kaset ɗin da ke cikin motar bai canza ba. Suna isa garin suka ga babu wanda ya gane su. A mashaya ta huɗu, a banɗaki, Gary ya yi faɗa da wani yaro, kan yaron ya fice kamar na 'yar tsana, wani shuɗin ruwa ya fantsama. Daga nan fim ya juya.

Ɗan Gwandu: Hahaha wurin nan ne ya kashe ni wallahi. Minti talatin da wani abu kana zaton labarin tsofaffin abokai kake kallo, ba zato ba tsammani ka ga ana cire hannun mutum ana dukan wani da shi. Amma Sagir ban yarda da kai ba cewa ya fi sauran. Hot Fuzz gaba yake da shi nesa ba kusa ba.

Ummi Fagge: Ku tsaya, waɗanne ne ukun?

Ɗan Gwandu: Shaun of the Dead na 2004, na gawarwaki masu tashi. Hot Fuzz na 2007, na 'yan sanda a ƙauye. Sai wannan. Labaran ba su haɗu ba, amma darakta ɗaya ne, kuma Pegg da Nick Frost ne a gaba a duka. Ana yi musu laƙabi da sunan askirim ɗin Cornetto saboda kowane fim akwai launi ɗaya da yake leƙowa: ja a na farko, shuɗi a na biyu, kore a na uku. A na ukun ma ba a sha ba, takardarsa kawai iska ta kwaso ta manna a jikin waya.

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ni ina da ja a kan wannan fim tun daga tushe. Mutum biyar sun tashi takanas ta Kano sun tafi wani gari don su sha giya kofi goma sha biyu, kusan awa biyu ana nuna ana ɗaga kofi ana kurɓa, ku kuma kuna cewa fim mai nauyi. Nauyin me? Akwai yara a gidan nan da suke karanta abin da muke rubutawa.

Sagir Mai Kaset: Allah gafarta Malam, maganarka tana kan hanya, kuma ni ma ba zan kunna shi a falo gaban yara ba, ga ashar a bakinsu kamar ruwan sama. Amma tambaya ɗaya: ka kalle shi har ƙarshe?

Malam Habu: Na kashe shi a wajen mashaya ta uku.

Sagir Mai Kaset: Ai kuwa ta ukun nan ita ce hujjata. An hana Gary shiga sha a wurin saboda wata tsiya da ya tafka tun yana yaro, hotonsa na manne a bango. Me ya yi? Ya fito waje ya ga ragowar giyar da wasu suka sha suka bari a kan tebur, ya tattara ya shanye, don dai kar lissafinsa ya karye. Malam, wanda yake son tallar giya ba zai nuna maka ɗan shekara arba'in yana shan kingin wasu ba. Wulaƙancin abin aka nuna.

Abba Leicester: Bari in sa baki tunda a ƙasar nake zaune. Malam Habu, a wurin Bature mashaya ba wurin sha ba ce kawai. Ita ce majalisarsu, nan ake kallon ƙwallo, nan ake gulmar unguwa, nan tsoho yake zuwa don kar kaɗaici ya kashe shi. Ba ina wanke abin ba ne, ni ko ƙofar ba na shiga, amma idan ba a gane wannan ba rabin barkwancin fim ɗin zai wuce mutum. Misali mashaya ta farko da ta biyu: suna shiga ta biyun suka ga komai iri ɗaya da ta farko, kujeru, allon abinci, har inda aka ajiye komai. Wannan kukan gaske ne da mutanen nan suke yi, cewa manyan kamfanoni sun saye tsofaffin mashayu sun mai da su kamar an buga su da injin hoto. Fim ɗin yana cewa tun kafin halittun wata duniya su zo su musanya mutane, an riga an musanya garin.

Kuma garin ba ƙirƙirarsa aka yi a sitidiyo ba. A Letchworth da Welwyn Garden City aka ɗauki yawancinsa, duka a yankin Hertfordshire, arewa da Landan. Na taɓa bi ta Letchworth. Shataletalen da ake tutiya da shi a fim ɗin cewa shi ne na farko a Birtaniya, da gaske yana can, tun wajen 1909, har da allonsa.

Ɗan Gwandu: Kai jama'a, gari yana alfahari da shataletale 😂

Abba Leicester: Wallahi kuwa. Kuma in ka gan shi ɗan ƙarami ne, ba ka ce shi ba ne.

Zainab K.: Ni abin da ya tsaya mini a rai Peter ne, ba Gary ba. Akwai wurin da suke zaune sai wani mutum ya zo ya ce ko akwai mai amfani da wannan kujerar, ya ɗauka ya tafi. Ashe shi ne wanda ya addabi Peter da duka da cin zali duk zamansu na makaranta. Abin da ya ƙona wa Peter rai ba dukan da ya sha ba ne, a'a, mutumin ko gane shi bai yi ba. Shi ya kwashe shekara ashirin da ɗoriya yana ɗauke da abin a ƙirji, wancan ko a jikinsa. Eddie Marsan ya iya wasan wurin nan, idonsa kawai za ka kalla. Sai kuma Gary ya katse masa magana da shirmensa tun bai gama ba. Na tsani Gary a lokacin.

Sagir Mai Kaset: An so ki tsane shi ne, Zainab. Ki duba irin abin da ya yi kafin a tashi. Ya ce wa Andy mahaifiyarsa ta rasu don ya tausaya ya biyo su, alhali tana nan da ranta. Ya biya Andy bashin fam 600 da yake binsa, ashe fam ɗari biyu-biyu ya ranto a wurin sauran ukun. Motar ma har yanzu da sunan Peter take a takarda. An ci bashin Bala an biya Bello.

Ummi Fagge: Innalillahi, ya kashe uwarsa da baki? Wannan ai ba aboki ba ne, annoba ce.

Baban Khalifa: Ina ta karantawa ban yi niyyar magana ba, amma abin ya taɓo ni. Kowane aji yana da Gary ɗinsa. Namu shi ne kyaftin ɗin ƙwallo a makarantar kwana da muka yi, ba zan faɗi suna ba. A lokacin in ya shigo ɗakin cin abinci har tafi ake yi. Shekaru uku da suka wuce muka yi taron tsofaffin ɗalibai bayan sallah ƙarama. Kowa ya zo da tumbi da furfura, ana maganar kuɗin makarantar yara da hawan jini. Shi kuwa ya iso da tsohuwar rigar ƙwallon makaranta a cikin leda, ta koɗe har lambar bayan ta kusa gogewa, ya shimfiɗa ta a kan tebur kusa da kwanon shinkafa. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ba shi labarin wasan ƙarshe da ya ci ƙwallo biyu. Da farko ana dariya ana tayawa. Can sai na lura mutane suna zamewa ɗaya-ɗaya, wannan ya ce zai amsa waya, wancan ya ce zai yi alwala. Ni ma na zame. Da za a watse ya biyo ni har mota ya ce in taimaka masa da na mashin.

Da na kalli fim ɗin nan ba Gary na gani ba, shi na gani. Kuma ban ji daɗin inda na ga kaina ba.

Malam Habu: Allah Ya rufa mana asiri. To ka ga wannan magana ce. Amma Alhaji, wannan darasin ai ba sai an bi ta mashaya goma sha biyu za a same shi ba.

Baban Khalifa: Gaskiya ne Malam. Sai dai ni ta nan ya zo mini.

Admin: Sanarwa: daga nan zuwa ƙasa za a taɓo ƙarshen fim. Wanda bai gani ba ya yi haƙuri ya tsallake. Ummi, ke nake nufi.

Ummi Fagge: Ai kun riga kun gama da ni, ku ci gaba kawai 😩

Sagir Mai Kaset: To tunda an ba da izini. Malam Habu, ga abin da ka rasa da ka kashe. Fim ɗin ya buɗe ne da Gary yana ba da labarin daren 1990 da murna, sai kyamara ta ja baya ka ga ashe a da'irar masu neman magani yake zaune. Mai kallo yana ɗauka wasa ne. Sai a mashaya ta ƙarshe, Andy yana kokawa da shi don ya hana shi shan kofi na goma sha biyu, hannun rigarsa ya zame, aka ga bandeji a wuyan hannayensa biyu da abin hannun asibiti. Ashe ya yi yunƙurin kashe kansa ne. Ba don nishaɗi yake son ƙarasa zagayen ba, shi kaɗai ne abin da ya rage masa. Gari yana cin wuta, ana farautarsu, shi kuwa gudu yake yi zuwa ga kofi. In wannan talla ce to ban san mece ce gargaɗi ba.

Shi kuma Andy shekara goma sha shida bai sha ba, ruwan famfo ya nema a mashayar farko Gary yana yi masa dariya. Dalilinsa: wata rana Gary ya sha ƙwaya ta fi ƙarfinsa, Andy ya ɗauke shi a mota zuwa asibiti alhali shi ma a buge yake, suka yi hatsari, Andy ya kusa mutuwa, Gary ya farfaɗo ya gudu ya bar shi da 'yan sanda.

Abba Leicester: Ƙari a kan wannan: a 2018 Simon Pegg da bakinsa ya gaya wa jaridar Guardian cewa ya yi fama da shaye-shaye da ciwon damuwa har sai da aka kwantar da shi a gidan gyaran hali. Lokacin da fim ɗin ya fito mutane ba su sani ba. In ka sake kallo da wannan a ranka, wasansa yana canza kama.

Ɗan Gwandu: Duk na ji, amma ku bar ni in faɗi inda fim ɗin ya ba ni haushi. Ƙarshen. Wannan murya ta halittun sama, wadda Bill Nighy ya yi, ta ce su ne suka kawo wa duniya ci gaban sadarwa, suna so su gyara ɗan Adam ya shiga sahun sauran duniyoyi, wanda ya ƙi sai a musanya shi da fanko mai kamarsa. Sai bugaggu uku, Gary da Andy da Steven, suka tsaya suna yi mata gardama da ihu har ta gaji ta ce ta fasa, ta tattara ta tafi. Tafiyarta kuma ta ƙone komai, babu lantarki, babu waya, duniya ta koma zamanin jahiliyya. Mutum nawa suka mutu saboda taurin kan Gary? Kuma a ce shi ne gwarzo?

Zainab K.: Wa ya ce maka gwarzo ne? Ni a ganina fim ɗin bai wanke shi ba. Amma ka tuna tayin da aka yi masa: za a mai da shi ɗan shekara goma sha takwas har abada, ga samfurinsa nan tsaye yana murmushi, abin da yake mafarki tun farkon fim. Ya ƙi, ya fizge kan abin. Wannan ne karo na farko da ya zaɓi kansa na yanzu a kan na da.

Ɗan Gwandu: To in haka ne me ya sa a ƙarshen ƙarshe aka nuno shi yana yawo da fankon abokansa huɗu na ƙuruciya? Ya bar abokan gaske masu furfura ya koma wa 'yan tsana masu fuskar 1990. Ina girman yake? Ya dai samu waɗanda ba za su taɓa ce masa a'a ba.

Zainab K.: Amma me ya nema da suka shiga mashayar? Ruwa. Kofi biyar na ruwa. Mutumin da ya yi wa Andy dariya a kan ruwa. Kuma faɗan da ya tayar a wurin don an ce ba a sayar wa fanko ne, wato karon farko yana faɗa saboda wani ba saboda kansa ba.

Ɗan Gwandu: Ya bar giya, bai bar yarinta ba. Rabin warkewa ke nan.

Sagir Mai Kaset: Ni ina ganin rabin da gangan aka bar shi. Da an nuno shi da kwat da jaka yana zuwa ofis da na ce ƙarya ne. Irin su Gary ba sa zama Andy.

Abba Leicester: Wani abin da ban lura da shi ba sai da wani abokin aikina Bature ya nuna mini: sunayen mahaifansu duka na fada ne. King sarki, Prince yarima, Knightley daga barde, Chamberlain kamar sarkin gida ko shamaki, Page kuma yaron fada. Sarki da fadawansa. Sunayen mashayun ma kowanne yana faɗin abin da zai faru a cikinta. A Two Headed Dog, kare mai kai biyu, nan aka yi faɗa da tagwaye. A Hole in the Wall kuma Steven ya fasa bango da mota.

Ɗan Gwandu: Wannan kam aikin Edgar Wright ne, ba ya ajiye tsinke a banza. Kuma zan ba su faɗan. Brad Allan ne ya tsara, ɗan Ostireliya da ya yi aiki a tawagar Jackie Chan, shi ya sa ba a yanka hoton gutsi-gutsi, kana ganin kowane naushi. Nick Frost, wato Andy, da kujerun mashaya biyu a hannu kamar ɗan dambe ya ɗaure hannu biyu, da Pegg yana ƙoƙarin kurɓar kofinsa ana ta hana shi. A Hot Fuzz sun ɗauko Timothy Dalton, a nan Pierce Brosnan a matsayin tsohon malaminsu, James Bond biyu ke nan sun mai da su mugaye.

Zainab K.: Abin da zan rage masa maki shi ne mace ɗaya tal a cikin manyan 'yan wasan, Rosamund Pike a matsayin Sam ƙanwar Oliver, kuma a tsakiya aka sa ta a mota aka ce ta tafi, sai da ake neman direba ta dawo. Ita ta fi su hankali duka.

Malam Habu: Na karanta duk abin da kuka rubuta. Ban canza ra'ayi a kan kallonsa ba, ni dai ba zan koma masa ba, kuma ina nan a kan cewa kar a ba yara. Amma Baban Khalifa, maganarka ce ta tsaya mini. Wannan abokin naku, tun ranar taron ka neme shi?

Baban Khalifa: Ban neme shi ba Malam. Lambarsa tana cikin zauren ajinmu na WhatsApp, kullum shi ne mai turo tsofaffin hotuna, ba mai tanka masa sai ɗan yatsa.

Malam Habu: To ai ka san abin yi.

Ummi Fagge: Ni dai yanzu an gama ba ni labari kaf. Yaya Sagir akwai mai fassarar Hausa?

Sagir Mai Kaset: Ban taɓa cin karo da shi ba, kuma ina tausayin wanda zai fassara, rabin dariyar wasa da kalmomi ne. Akwai wurin da suka ɓata lokaci suna gardamar sunan da za su kira halittun, su kuma halittun suna ƙin a ce musu robot, wai asalin kalmar daga harshen Cek take kuma tana nufin bauta. Ki nemi mai rubutu a ƙasa, suna magana da sauri.

Ɗan Gwandu: Ki fara da Hot Fuzz, Ummi. Kar ki biye wa Sagir.

Baban Khalifa: Na kira shi bayan isha'i. Ya ɗauka a bugu na biyu, ya kira ni da sunan tsokanar da rabon da in ji shi tun muna aji uku. Mun yi minti arba'in. Ya sake ba ni labarin ƙwallo biyun nan, wannan karon na bar shi ya kai ƙarshe. Ashe matarsa ta tafi tun bara, yana zaune a ɗakin ƙofar gidan yayansa. Bai roƙe ni komai ba. Na ce zan shigo ranar Asabar, ya ce in zo da wuri akwai wasan yaran unguwa da yake horarwa, ƙarfe huɗu ake take leda.